Daga Sabon Birni Zuwa Isa: Bayan "Sai Haƙuri", Sai Me?



Duk wanda ya karanta tarihin jihadi ya san ƙasar Gobir. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, nan kuma kufan Alƙalawa yake, birnin da aka ci a shekarar 1808, a yankin Sabon Birnin yau. Isa tana kudu da Sabon Birni, tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Ta arewa kuwa sai iyakar Nijar, wajen Maraɗi. Ƙasa ce ta gero da dawa, ga fadamun gulbi masu albarka.

Ta'aziyya ce ta kai ni. Wata tsohuwar ɗalibata da aka aurar a wani ƙauye kusa da Isa ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya da yara biyu. Daga Sakkwato muka bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, sannan muka miƙa kudu. Da muka zo Gidan Bawa sai motar ta yi tsit, kowa na salati. A nan ne 'yan bindiga suka ƙona motar matafiya da mutanen cikinta a watan Disamba 2021.

A gidan rasuwa, surukar marigayiyar ta ce da ni: "Malama, lafiya lau ta sauka bayan isha'i, sai jini ya ɓalle. Babu mai babur ɗin da zai yarda ya fita da dare. Da asuba aka kama hanya, amma kwana ya ƙare."

Masana kiwon lafiya sun daɗe da gano wannan. Tun 1994 suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A Gobir tsoron hanya ya ninka na biyun.

Alƙaluma ma sun nuna ba ɗaya muke ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba su kai shekara biyar ba. A Kudu maso Yamma, ƙasar Yarbawa abokan wasan Gobirawa, 62 ne. Ƙasa ɗaya, amma ninki uku!

Nijeriya tana da tsarin bin diddigin mutuwar masu haihuwa da jarirai, inda ma'aikata ke zama su duba abin da ya jawo kowace rasuwa, ba don a ɗora wa wani laifi ba. Sai dai wadda ta cika a bisa hanya, aka rufe ta kafin azahar, da wuya ta shiga littafin kowa. Shi ya sa a 2019 ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa suka bi gidaje suna tambayar iyayen da suka rasa yara yadda ciwon ya faro. Kuma bincike yana da amfani: a 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba wa masu ciki a ƙauyuka ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini da man chlorhexidine na shafa wa cibiya, domin an gano mafi yawansu a gida suke haihuwa.

'Yan'uwa, idan irin waɗannan ma'aikata suka yi mana sallama, kada kunya ta rufe mana baki. Faɗin sanadi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Sayyidina Umar da kansa ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Saura kuma waɗanda aka bari. Ana cika gida kwana uku, daga nan kowa ya watse. Wa zai shayar da jaririyar? Madarar gwangwani ta fi ƙarfin talaka, idan kuma aka dama ta da ruwa marar tsabta sai gudawa. Ga matan da aka kashe mazajensu, kamar a harin watan Mayu 2020 da ya ci mutum sama da 70 a Garki da ƙauyukan kewayenta. Kowacce sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ga marayu, ga rumbu babu hatsi. Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da ya yi shahada. Mu kuwa sau da yawa mamatan ke ciyar da masu gaisuwa.

Shawarata ga matan Islamiyya ita ce, kowace makaranta ta buɗe littafi ta rubuta gidajen da aka yi rashi a unguwarta, a tara ɗan asusu, a raba kwanakin ziyara har bayan arba'in. A nemo wa jaririn da ya rasa uwa mai shayarwa cikin dangi, da shawarar ma'aikatan lafiya, a kuma rubuta wadda ta shayar saboda hukuncin aure nan gaba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya marayu, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir. Amin.