Macijin da ban taɓa saya ba

Duk wanda ya shiga zangon ƙarshe na difloma ya san irin tunanin da ke hana mutum barci: idan an gama, sai kuma me? Ni nawa tunanin sai ya kai ni ga maciji. Wata rana da daddare a ɗakinmu na hostal ina latsa waya, na ci karo da bidiyon wani Ba'amurke mai kiwon bowa, wata irin mesa da asalinta ke Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Ya buɗe akwati, sai ga jarirai sun fi ashirin suna motsi a gefen uwarsu. Ya ce duk na sayarwa ne, mutanen can a gida suke ajiye su kamar yadda muke ajiye kyanwa. Nan take na fara lissafin dokin Rano.

Da na je gida hutun ƙarshen mako na gaya wa Umma. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni. "Ɗan nan, mu yi ta fama da kuɗin makaranta, ka dawo mana gardi?" Na ce ai ba shi da dafi, Umma. Ta ce, "Ko da zuma yake tofarwa, ba a gidan nan ba."

Raina ya sosu, wallahi. Na ƙudurta sai na karanci abin sosai, in dawo mata da hujja. To, karatun ne ya kayar da ni.

Na farko, bowa ba kamar mesarmu ba ce da ke saka ƙwai ta kwanta a kai. Haihuwa take yi, 'ya'yan su fito a raye cikin wata 'yar jaka mai yauƙi. Amma kafin a kai nan, sai macen ta yi shekara uku zuwa huɗu, ta yi jiki sosai. Masu kiwon sukan rage zafin ɗaki da dare na wasu makonni, su rage tsawon haske, don jikinta ya ji kamar lokacin barbara ya zo. Sannan a saka mata namiji, shi kuma ya yi ta sosa ta da wasu 'yan ƙaho biyu da ke kusa da wutsiyarsa. Idan an dace, tsakiyar jikinta zai kumbura, bayan mako biyu zuwa uku ta yi saɓa, daga nan a ƙirga kwana ɗari da 'yan kai kafin haihuwa. Duk tsawon lokacin nan tana bukatar wurin ɗumi mai zafin digiri 30 zuwa 32 da ba ya hawa da sauka. Idan aka yi sake, sai ta zubar da ƙwayaye marasa rai ko matattun 'ya'ya. Ka tuna zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano, ka tuna sanyin hunturu, ka tuna yadda wuta take yi mana. Kuɗin man janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Na biyu, bayan ta haihu ta rame, yawancin masu kiwo sukan bar ta ta huta shekara guda. Akwai kuma wata cuta ta ƙwayar bairos da ke kama su, wadda har yau ba ta da magani. Fitar da bowa daga wata ƙasa zuwa wata ma sai da takardar izini ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Kuma dabba ce da ke rayuwa shekara ashirin zuwa talatin. Idan ba wanda ya saya, kai ne da ita har 'ya'yanka su girma. Sai na tambayi kaina: a unguwarmu wa zai sayi maciji? Mu da ko sunansa ba ma kira da dare, sai dai mu ce igiyar ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abinci. Kowane jariri, bayan saɓarsa ta farko, ɗan ɓera yake so, kusan duk mako. Ashe mai kiwon maciji, kafin komai, mai kiwon ɓera ne. Ina wannan tunani sai na tuna yadda 'yan ajinmu suka sha wahalar neman fararen ɓeraye don furojet, har wasu suka yi aike wani gari. Ɓera kuwa cikinta kwana 21 zuwa 23 ne kacal.

Dubu talatin ɗin da na tara tun lokacin koyon aiki, waɗanda na so in zuba a maciji, da su na haɗa keji na sayi mata huɗu da namiji ɗaya. Na ɗauki ɗabi'ar masu kiwon bowa ta rubuta komai: ranar haɗawa, ranar haihuwa, nauyi, abin da aka ci. Haihuwar farko na yi asarar guda biyar saboda zafi, na rubuta, na mayar da kejin inuwa. Yanzu 'yan aji ɗaya har sun fara yi mini magana kan na baɗi.

Umma ta ce ɓeran ma ba a ɗakinta ba, amma ta bar mini bayan kicin. Jiya da na kira, kafin in tambaya ta ce, "Na zuba musu ruwa, ɗayar kuma ta haihu. Tara na ƙirga."