Kunnen da na raina

Na daɗe ina cikin masu cewa kiɗan Hausa ya mutu tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Zoo Road a Kano. Da kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace na tashi, kuma a wurina makaɗi shi ne wanda hammatarsa ta saba da matse kalangu. Duk wanda ya zauna gaban na'ura yana danne-danne, ɗan wasa nake ɗaukarsa.

Da wannan ra'ayin na cuci ɗan ƙanena. Yaron ya yi ta tara kuɗi har ya sayi tsohuwar kwamfuta da makirufo, ya jingina katifa a bangon ɗakinsa don ta tare ƙara. Ranar da ya kawo mini waƙarsa ta farko, hannunsa na rawa, ko rabi ban bari ta kai ba. Na ce masa a gidanmu ba a gaji kiɗa ba, abin da yake yi ma ba kiɗa ba ne, na'ura ce ke yi masa. A gaban mahaifinsa na faɗa. Ya ce, "To, Baffa," ya naɗe wayoyinsa ya fita. Bai ƙara kawo mini komai ba.

Wani dare na kwana a gidansu, zafi ya hana ni barci, sai na ji ɗan gajeren kiɗa ana ta maimaita shi. Na leƙa. Yana zaune a tabarma yana matsar da bugun kalangu ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfutar. Na tambaye shi me ya lalace, domin ni ban ji aibu ba. Ya ce, "Baffa, kalangun bai faɗi maganar ba. Baitin hawa yake, gangar kuma sauka take." Ya gyara, ya sake kunnawa, sai ga ganga tana magana. Ni da nake taƙama da sanin kiɗan gargajiya, kunnena bai kama abin da nasa ya kama ba. Kunya ta rufe ni, na koma shimfiɗata ban ce masa komai ba, kuma wannan shirun ma laifi ne.

Washegari na yi ta juya maganar gado da na jefe shi da ita. Shata da nake kafa hujja da shi, ai bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, ɗan ƙaramin abu da ba ya cin kuɗi. Ashe arhar kayan aiki ba ta taɓa hana mutum zama gwani ba. Ƙyashi ne ya kama ni, ganin ƙofar da a da sai an yi shekaru ana amshi kafin a shiga, yau a buɗe take ga kowane yaro.

Har yanzu ina da ƙorafi. Akwai waɗanda in aka cire musu gyaran murya aka tsayar da su gaban taro, baiti ɗaya ba za su kai ba, kuma ina jin zafin yadda masu kalangu ke rasa bukukuwa. Amma yaron nan ba shi ya jawo haka ba. Na je na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa, inda na yi masa laifin.

In akwai irinsa a gidanku, ku zauna ku ji waƙar har ƙarshe kafin ku yanke masa hukunci.