Manomin Rani da Ruwan da ke da Makulli

Manomin damina idan ruwa ya ɗauke masa, ba shi da wanda zai kai ƙara. Sai a fita roƙon ruwa, a dawo a dangana. Manomin rani kuwa, musamman mai sha daga madatsun gwamnati, lamarinsa daban ne. Ruwansa ta ƙofa yake biyowa, ƙofar tana da makulli, makullin kuma yana hannun ɗan'adam. Saboda haka nake ɗaukar biyansa diyya a shekarar ƙarancin ruwa a matsayin haƙƙi, kuma raina kan sosu duk lokacin da na ji ana kiransa tallafi.

A shekarar 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja da baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100, bayan damina mai ƙarancin ruwa da kuma yashin da ya daɗe yana taruwa a cikinta. Wannan madatsa ce ke ba Sakkwato ruwan sha, ita ce kuma ke shayar da gonakin rani. A irin wannan hali babu mai hankalin da zai ce a fifita albasa a kan ran mutum. Ruwan sha ne a gaba. To amma idan an hana gona domin birni ya sha, manomi ne ya biya kuɗin wannan shawara shi kaɗai, alhali kowa ya amfana da ita. Ina adalci a nan?

Ni ɗan gidan masu noman rani ne, kuma na san yadda lissafin yake tafiya. Ƙanen mahaifina yakan shuka alkama da shigowar hunturu. Kafin tsiro ya fito ya riga ya biya kuɗin hayar gona da na huɗa, ya sayi iri da taki, mafi yawa da bashin da za a biya ranar girbi. Shekarar da aka tsayar musu da ruwa, alkamar tana gab da fitar da kai. Mako uku kawai, gona ta koma abincin shanu. Wanda ya ba shi bashi bai tambayi matsayin ruwa a madatsa ba. Bijiminsa ya sayar.

Tarihi ya nuna mana cewa diyya ba abin wasa ba ce a harkar ban ruwa. A Bakolori, manoman da aikin madatsa ya raba da gonakinsu sun yi ta kokawa a kan diyya, har aka kai ga zubar da jini a 1980, lokacin da 'yan sanda suka far musu. Shekaru fiye da arba'in ke nan, amma har yau ba kasafai manomi ke shiga kakar rani da rubutacciyar yarjejeniya a hannunsa ba, wadda ta ce: ga ruwan da za a ba ka, ga abin da za ka samu idan an gaza. Kuɗin ruwa dai ana karɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda sunansa ke shiga takarda. Sau da yawa mai gona yana zaune a birni, wanda ya yi asara kuwa ɗan haya ne. Ban da shi akwai 'yan ƙwadago masu dashe da yanka, da mata masu sheƙa da kala, waɗanda abincinsu na rani ya rataya a kan wannan gona. Idan aka biya mai fili aka tsallake su, an yi diyyar ƙasa ne, an bar gumi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun san wanda ya noma kowace kadada, su ya kamata su rubuta sunaye tun ranar shuka, a karanta a bainar jama'a.

Akwai hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa, NAIC, sai dai ƙaramin manomi yakan haɗu da ita ne kawai idan ya ci bashin banki.

Kuma akwai abin da ya fi diyya arha. A ƙarshen Oktoba, da damina ta ɗauke, injiniyoyin kowace madatsa sun san yawan ruwan da suka tara. A wannan lokaci ya kamata a shelanta a rediyo da masallatai cewa bana kadada kaza kaɗai ruwa zai isa. Wanda aka ce masa kada ya shuka ya shuka, ya ɗauki kasadarsa. Wanda aka ce masa ya shuka aka kuma rufe masa ƙofa a Fabrairu, a biya shi abin da ya kashe kafin faɗuwar damina, domin ya samu na iri da taki.