La'ada da Cinikin Kundin Abokan Hulɗa a Sana'ar Gyaran Piyano

Piyano, wato babban abin kiɗan nan na Turawa mai madannai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, ba ya daɗewa a kan saiti, domin katakonsa yana kumbura idan iska ta yi danshi, yana kuma tsukewa idan ta bushe, shi ya sa ake son mai gyara ya leƙa shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Wannan ne ya sa babban jarin mai sana'ar a Amurka, inda ƙungiyarsu ta PTG take aiki tun 1957, shi ne kundin sunayen gidaje da majami'u da makarantun da suka saba kiransa.

Idan tsufa ya kama mai gyara, ko ƙaura ta taso masa, yakan sayar da kundin nan ga wani, sai dai abin da mai saye yake nema, wato amanar da ta sa ake buɗe wa mutum ƙofar falo, ba ta cikin takardar. Wasu daga cikin masu sunayen sun rasu, wasu sun sayar da piyanonsu, wasu kuma da ma suna jiran dalilin sauya mai gyara ne. Saboda haka cinikin da ya fi kusa da adalci shi ne wanda mai sayarwa zai gabatar da magajinsa ta wasiƙa, magajin kuma ya riƙa ba shi wani kaso na kuɗin aikin da aka samu daga waɗanda suka kira da gaske, har zuwa wa'adin da aka yanka. A Turai ma, tun 2018 dokar kare bayanan jama'a ta ƙara tsaurara sharuɗɗan miƙa irin waɗannan sunaye.

La'ada kuwa, wato abin da ake ba wanda ya turo mai ciniki, ba ta da nauyi a ƙaramin aikin saiti. Inda take da haɗari shi ne babban aikin sabunta tsohon piyano, ko sayen sabo, wanda kan ci dubban daloli, domin mai gida yana ɗaukar maganar mai gyara a matsayin shawarar masani, alhali wataƙila dillali ne yake magana. La'adar da aka sanar da mai piyano haƙƙin aiki ce, wadda aka ɓoye masa kuwa cin amana ce.