Taron Wata-Wata na Shugabannin Sikawut a Bakin Ruwan Yauri

Mutum zai karɓi 'ya'yan jama'a da zuciya ɗaya, a ba shi horo na 'yan kwanaki, a rataya masa usur a wuya, daga nan a bar shi shi kaɗai shekara da shekaru. Abin da aka koya masa sai ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Inda ya manta sai ya cike da nasa tunanin, yaran da ke gabansa kuwa ba su da yadda za su rarrabe wanda aka koya masa da wanda ya ƙaga. Duk abin da malam ya faɗa daidai ne a wurinsu. Na daɗe cikin aikin sikawut a ƙasar Yauri, tun ina malamin firamare har furfura ta rufe ni, kuma ban ga abin da ke tare wannan ɓarna ba kamar shugabanni su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, su ajiye girma, su koma ɗalibai.

Matasan da ke riƙe da rukunoni yanzu sukan tambaye ni amfanin taron. Wani daga cikinsu ya ce da ni, "Baba, duk abin da za a faɗa a can ai yana cikin waya. Kuɗin motar da zan kashe zuwa Yelwa gara in saya wa yarana igiya." Na ce masa, "Ɗana, wayar za ta nuna maka yadda ake ƙulli, amma ba za ta ja naka ta ga ko zai kwance ba." Ban ga laifinsa ba. Ba albashi ake biyansa ba, ga gona, ga iyali, ga tsadar mai. Amma tambayar tasa ta cancanci amsa mai tsawo.

Wanda ya kafa sikawut, Baden-Powell na Ingila, ya fara da zangon yara a tsibirin Brownsea a 1907, littafinsa ya fito a 1908, harkar ta iso Najeriya a 1915. Ba a jima ba ya lura yara suna ta shigowa, manyan da za su riƙe su ne ba su san aikin ba. Shi ya sa a 1919 aka buɗe Gilwell Park kusa da Landan don horar da shugabanni. A can akan raba manya ƙungiya-ƙungiya kamar yara, su kafa tanti, su dafa abincinsu, su yi duk abin da za su sa yaro ya yi. Taronmu na wata-wata jikan wannan tunani ne. Ba don karanta sanarwa da karɓar kuɗin ƙungiya ake yinsa ba, ko da yake na ga inda ya lalace ya koma haka, kuma duk inda ya koma haka mutane kan daina zuwa, da gaskiyarsu.

A wajenmu nan ruwa ne ya sa taron ya zama dole. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi aka sake musu matsuguni. Dazuzzukan da ruwan ya rufe ba duka aka sare ba, kututturansu na nan a ƙasa har yau, su ne ke huda cikin jirgi idan ruwa ya ja. Kogin Kwara kuma sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, daga ruwan saman ƙasashenmu. Akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu bayan doguwar tafiya daga duwatsun Gini. Mashayar da yaro ya yi wanka lafiya a watan jiya tana iya zama wani abu dabam a wannan watan. Shugaban da aka horar sau ɗaya a ɗakin aji, ko da a Birnin Kebbi ne, bai san wannan ba sai ya zauna da wanda ya fito daga Wara ko Shanga ko Zamare ya ji yadda ruwan yake a gefensu yanzu.

Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ɗauke da fiye da mutum 150, yawancinsu masu neman abinci, mata da yara a ciki. Waɗanda aka fitar da rai 20 ne da 'yan kai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na cewa 'yan sikawut za su hana jirgi fashewa. Lodi fiye da kima da tsufan jirage da rashin rigar ceto aikin hukuma ne da masu jirage. Amma a kowane haɗarin ruwa, kafin jami'i ya iso daga nesa, waɗanda ke bakin gaɓa su ne ke yin abin da za a yi, kuma mintunan farko su ne komai. Tambayar da ke damuna ita ce, cikin matasan da ke tsaye a gaɓa a irin wannan rana, mutum nawa ne suka san abin yi, kuma wa ya koya musu?

Ilimin ceton rai yana sauyawa, wannan shi ne abin da tsofaffi irina ke jinkirin yarda da shi. A littattafan dā, wanda aka tsamo daga ruwa kifa shi ake yi, a danna bayansa, a ɗaga hannuwansa. Wajen 1960 likitoci suka tabbatar da hura numfashi ta baki da danna ƙirji. A 2005 aka sauya lissafin ya koma danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2. Har gobe a ƙauyukanmu za ka ga an ɗaga ƙafafun yaro sama ana matsa masa ciki wai a fitar da ruwa, alhali iska yake bukata, kuma matsa cikin na iya sa amai ya toshe masa maƙogwaro. Haka saran maciji. An koya mana a ɗaure gaɓa tamau, a tsaga wurin, a tsotse dafi. Yanzu an hana duka ukun: a kwantar wa mutum da hankali, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na tsawon lokaci, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Shugaban da ya daina zuwa taro yana nan yana koya wa yara talatin abin da aka soke, da kyakkyawar niyya, su kuma za su kai shi gidaje talatin.

Saboda haka taron da ya amsa sunansa rabinsa a tsaye ake yi. A kawo igiya da jarka marar komai a ciki mai murfi, da gora mai tsawo, a fita fili ko a gangara bakin ruwa. Kowa ya jefa igiya a ga inda za ta faɗa. Kowa ya yi ƙullin da ake zagaya ƙirjin mutum da shi, wanda ba ya zargewa, a ja a gani. A maimaita ƙa'idar da ta fi wuyar shiga kan saurayi mai jini a jika: ka miƙa sanda, in ba ta kai ba ka jefa igiya ko jarka, in ba ta yiwu ba ka tura kwale-kwale, faɗawa ruwa da jikinka shi ne na ƙarshe. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk wanda ya kama da shi zai tafi. Yawancin yaranmu sun iya iyo tun suna ƙanana, iyawar ce ma ke sa su ganganci. Masunci ba ya jiran ranar kamu kafin ya duba tarunsa, zama yake a inuwa yana bin ido-ido yana ɗinke inda ya yage. Taron wata-wata shi ne wannan zaman.

A nan ne kuma na ga amfanin gayyato waɗanda ba su taɓa sa kaki ba. Sarkin ruwa ko wani dattijon Basarke, in ka ba shi wuri ya zauna, zai gaya maka alamun iskar da ke tayar da igiyar ruwa da yamma, da inda kututture yake, da inda dorina ke kiwo. Ma'aikacin lafiya zai yi bayanin tsargiya, wadda yaran bakin ruwa ke ɗauka fitsarin jini alamar girma ce, alhali ƙwayar cuta ce da ke fitowa daga dodon koɗi, kuma tana da magani. Zai nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari lokacin amai da gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, da 'yan Red Cross, duk aiki ɗaya muke yi da su a ranar Idi da ranar Rigata da ranar musiba. Gara mu san juna a kan tabarma kafin mu haɗu a bakin gawa.

Akwai kuma maganar amana, wadda a ganina ta fi igiya da ƙulli nauyi. Uba ya ba ka ɗansa ka tafi da shi zango, ba takarda ya duba ba, fuskarka ya duba. Babba shi kaɗai da yara, babu mai ganin abin da yake yi, wannan ba tsari ba ne ko da waliyyi ne. A taro ne ake jin wane yana da saurin hannu, wane yana aiken yara gonarsa, wane yana keɓewa da yaro ɗaya. A taro ne ake kafa dokar cewa ba a fita da yara sai da manya biyu, kuma 'yan mata sai da shugaba mace. Akan ja mutum gefe a yi masa nasiha tun abu bai girma ba, in bai ji ba a karɓe rukunin. Na ga an yi hakan, ba daɗi, amma ya fi a wayi gari iyaye sun kwashe 'ya'yansu gaba ɗaya.

Hatta ƙananan abubuwan da ke hana iyaye sakin jiki a can ake warware su. Gaisuwar sikawut da hannun hagu ake yi a duniya, a wurinmu kuwa miƙa wa babba hagu rashin tarbiyya ne. Gajeren wando bai dace da saurayin da zai shiga sahun salla ba. Jadawalin zango dole ya bi lokutan salla, kuma yaran Kirista da ke cikinmu a ba su lokacin ibadarsu. Shugaba ɗaya in ya yanke hukunci shi kaɗai, sai a ce ra'ayinsa ne. In an yanke a taro, yana da bakin magana a gaban mai unguwa da limami.

Bayan 17 ga Yunin 2021, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kwana a daji da yara ya zama abin da babu mai hankalin da zai yi shi yadda muka saba. Da yawa sun ɗauka aikin ya mutu ke nan. Inda shugabanni suka ci gaba da haɗuwa, sai aka samo hanya: zangon yini ɗaya a cikin gari, a sanar da hakimi da jami'an tsaro, a koya wa yara yadda ake ƙirga kai da wurin haɗuwa in an watse, a kuma koyi yadda ake zama da yaron da firgici ya hana shi barci. Wannan ba ya cikin littafin da aka horar da mu da shi. A tsakaninmu muka haɗa shi, wata bayan wata.

Sannan mai aikin sa kai yakan gaji. Yakan zauna a ƙauyensa yana ganin shi kaɗai ne mahaukacin da ke ɓata Asabar ɗinsa a kan 'ya'yan wasu. Ranar da ya zo ya tarar da 'yan'uwansa, wannan ya ba shi aron tanti, wancan ya gaya masa yadda ya shawo kan yaro mai taurin kai ta hanyar ba shi shugabancin 'yan'uwansa shida, sai ya koma gida da ƙarfinsa. Sabon shiga kuma yana zaune kusa da tsoho yana kwasar abin da ba a rubuta ba.

Ƙorafin saurayin nan na kuɗin mota gaskiya ne, kuma gyaransa na hannun manya. Bai kamata kullum a ce Yelwa ba. Wannan wata a yi a Wara, na gaba a Shanga, wani a gangara wani ƙauyen masunta, a kuma daidaita ranar da ranar kasuwar garin don a samu mota da jirgi cikin sauƙi. Waɗanda ke kusa su haɗa wa na nesa kuɗin hanya. A fara kan lokaci, a tashi kafin la'asar ta yi sanyi, domin masu ƙetare ruwa su isa gida da rana. Wanda ya rasa zuwa sau biyu a jere kada a aika masa takardar gargaɗi, a tashi mutum biyu su je har gida su gaishe shi, su ji abin da ya tsare shi.