Masu karatu a hanyar Gusau

Mai shiga Gusau daga Funtuwa dole ya ratsa Tsafe, kuma babu direban da ke son Magariba ta riske shi a wannan hanya saboda 'yan bindiga. Don haka da sassafe muka bar Kano. Wata ɗaliba mai karatun kiwon lafiya a Tsafe ce a kujerar gefena, idonta a kan waya tun daga tasha. Littafin soyayya take bi a wani zauren WhatsApp, inda marubuciyar ke sakin babi-babi ga waɗanda suka biya kuɗin shiga. Da na ce mata ni gajeren labari na fi so, sai ta yi dariya. "Haba Baba, wannan ai ɗanɗano ne, kamar a miƙa maka tsire tsinke ɗaya a ce ka ƙoshi." Ba ta ba ni damar kare kaina ba, ta sauka.

Bayan an wuce Dutsen Kwatarkwashi, Gusau ba nisa. A bakin kasuwa na sami mai sayar da littattafai. Rabin teburinsa na addini ne, sai na makaranta, sai na soyayya irin na Kano da rana ta ƙoɗar da bangonsu. Tarin gajerun labarai kuwa ɗaya ne tak, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937. Ya ce waya ta kashe musu kasuwa, ban da wani ɗan lokaci. A Satumbar 2021, da gwamnati ta katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, matan da suka saba karatu a waya suka riƙa aiko yara neman na takarda. "Wallahi Malam, har waɗanda suka yi ƙura sai da suka tafi." Da aka maido da layi, ciniki ya koma gidan jiya.

Hirar da ta fi zauna mini a rai a Bunguɗu aka yi ta, a kan hanyar Sakkwato, a zauren wani tsohon malamin firamare. Shi Imam ne gwaninsa, ba ya haɗa shi da kowa. Yana son yadda aku ke jan labari ɗaya bayan ɗaya don ya hana ɗan sarki fita, kowanne da dariyarsa, kowanne ka gama shi kafin a kira salla. 'Yarsa kuma Hikayata take jira duk shekara, gasar da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016, wadda ba a yarda labari ya wuce kalmomi 1,500 ba. Ta tuna mini da "Rai da Cuta" na Maryam Umar, 'yar Sakkwato da ta zo ta ɗaya a 2020.

Malam bai yarda da zaɓin 'yarsa ba. A ganinsa labaran yanzu kuka ya yi musu yawa, daga mutuwa sai saki sai gudun hijira, alhali mutumin Zamfara ba ya bukatar a karanta masa abin da ya kwana yana ji. Na fahimce shi, amma ina bayan 'yar. Macen da aka tayar daga ƙauyensu ba ta da natsuwar rubuta littafi mai juzu'i uku. Shafi huɗu kuwa za ta iya, kuma a shafi huɗu babu wurin zagaye-zagaye, sai abin da ya faru. Ba mu daidaita ba har aka kawo fura, direba kuma ya fara matsa oda don mu koma Gusau da sauran rana.

Masu son gajeren labari suna nan a garuruwan uku, littafin da za su saya ne babu. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, ga kuma kwalejin ilimi ta mata a garin. Malaman Hausa na waɗannan makarantu su nemi labaran ɗalibansu, su tace, su buga a littafi ɗaya mai araha, a kai wa masu teburi a kasuwa.