Haƙƙin Tsohon Jaki a Kan Mai Shi

Akwai wani haƙƙi da ba a cika ambatonsa a majalisin wa'azi ba, shi ne haƙƙin dabbar da ta tsufa a hannun mutum bayan ta ƙarar da ƙarfinta cikin hidimarsa. Muddin tana da amfani kowa yana tattalinta, amma ranar da ciwo ya kwantar da ita ake sanin wanda ya riƙe ta da amana.

Mu a nan Gedambaliya, yamma da birnin Gadarif a gabashin Sudan, jikoki ne na Hausawan da suka biyo hanyar Hajji, wasu kuma suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙasarmu baƙar laka ce, ta dawa da riɗi, kuma a nan aka soma noman tarakta a Sudan cikin shekarun 1940. Duk da haka jaki bai taɓa rasa aiki ba, domin shi ke jawo amalanken ruwa daga hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, mai ya yi tsada, sai darajar jaki ta ƙara hawa.

A gidan mahaifina, limamin unguwarmu, akwai jakin da muke kira Auraki. Tun ina karatun allo yake ɗebo ruwan da ake cika randunan masallaci, yanzu kuwa ya haura shekara 25. A ranin da ya wuce muka wayi gari ya ƙi cin kara, ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun faɗi, kashinsa ya yi ƙaranci kuma ya bushe. Doki idan ciwon ciki ya kama shi yakan yi ta birgima da harbin ƙasa, kowa ya gani. Jaki kuwa mai ɓoye ciwo ne, shirunsa kaɗai shi ne alamar.

Likitan dabbobin da muka ɗauko daga Gadarif ya ce ƙullewar hanji ce, ya kuma bayyana mana dalilinta. Turamen tsohon jaki sukan zaizaye, sai ya riƙa haɗiye busasshen kara ba tare da ya tauna shi sosai ba. Idan ga ƙarancin shan ruwa, ko ya haɗa da ledar da iska ke kwasowa, abincin ya dunƙule ya toshe hanji. Ga shi jaki, kamar doki, ba ya iya amai. Haɗari na biyu shi ne idan ya daɗe bai ci ba, kitsen jikinsa yakan narke ya cika jini har hanta ta gaza, wannan kuwa yana kisa ko da hanjin ya buɗe. Likitan ya yi masa allurar rage zafi, ya zura masa siririn tiyo ta hanci har ciki, ya ba shi ruwa da man farafin. Ya kuma hana mu yi masa ɗura ta baki, saboda ruwa ko mai na iya shiga huhu ya zama ajalinsa.

Kwana uku muna karɓa-karɓa a kansa ni da ƙannena. Mukan zagaya da shi a hankali, mu kara kunne a cikinsa ko za mu ji motsi, mu ɗaga leɓensa mu duba launin dasashi. A dare na uku ya yi kashi, da asuba ya sa baki a jiƙaƙƙiyar dusa. Tun daga ranar aka sauke masa amalanke. Abincinsa ya koma ɗanyar ciyawa da yankakken kara mai laushi da ake jiƙawa, ana ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, ga ruwa a gabansa kullum, kuma yara na tsince leda daga garke. Ciwon ya sake dawowa sau biyu, kowane karo yana barinsa da rama.

Wani maƙwabci ya ba da shawara a kore shi daji, ya ce a lokacin da 'yan gudun hijira ke neman abin sawa a baka, ba daidai ba ne a kashe kuɗi a kan jakin da ba ya aiki. Maganarsa ta tsaya mini a rai, na kai ta ga mahaifina. Ya ce, "Ɗana, ka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya mallaki rai, ciyar da shi wajibi ne a kansa. Dusar Auraki ba za ta hana mu raba tuwonmu da baƙi ba." Na ce, "To Baba, idan ciwon ya fi ƙarfin magani fa?" Sai ya buɗe mini babin yanka a Muhtasar na Shehu Halil, inda malaman Malikiyya suka halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, domin a hutar da ita. A mazhabarmu ba a cin jakin gida, saboda haka hukuncin ya shafe shi.

Ke nan shari'a ta buɗe mana ƙofa biyu, jinya matuƙar akwai fata, da hutarwa idan likita ya tabbatar saura azaba kawai. Ƙofar da ta rufe ita ce ta jefar da dabba a bakin hanya ta mutu da ƙishirwa. Mun amince a gida cewa ranar da allura ta daina rage masa zafi, ba za mu tsawaita wahalarsa don tausayin kanmu ba.

Ina roƙon duk mai tsohuwar dabba a gida, jaki ne ko akuya ko kyanwa, ya riƙa duba haƙoranta da cinta da kashinta, kuma idan ta wuni ba ta ci ba ya nemi likita a ranar. Allah Ya sanya mu cikin masu jinƙai, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, amin.